Motar da ke ba da labarin mai ita: me take tarawa, wa ke iya karɓa?

Mota mai haɗi da intanet ita ce wadda aka ƙera da katin sim a cikinta, kamar salula. Tana aika wa kamfanin da ya ƙera ta labarin inda take, da gudun da ta yi, da lokacin da aka tada ta ko aka kashe ta. A ƙasashen Tarayyar Turai, tun 31 ga Maris 2018 doka ta tilasta wa sabbin samfurin motoci su zo da na'urar da ke kiran lambar agaji 112 da kanta in an yi hatsari. Ire-irensu ne ke sauka tashoshin ruwan Kwatano da Lome, kuma wasu har Yamai da Filinge.

A nan Kurfai, yawancin motocin da ke bin hanyar Filinge zuwa Yamai ta Baleyara tsofaffi ne, ba su aika komai. Ko sabuwar ma, in ta baro ƙasar da aka sayar da ita, sau da yawa katinta ba ya kama rezo. Amma kar a ce abin bai shafe mu ba, don labarin yana fita ta wasu ƙofofi.

Ta farko ita ce ƴar na'urar GPS da masu kamiyo da motocin haya ke sawa don tsoron sata, ko don su ga inda direba ya bi. Ɗan uwa yana Abijan ko Akra, ya sayi mota ya aiko gida, yana kallon tafiyarta a wayarsa. Na'urar tana aiki da layin Airtel, Moov, Zamani ko Niger Telecoms, kuma kowane layi a ƙasar nan da sunan mutum ake rajistarsa. Tarihin tafiyar yana ajiye wurin kamfanin da ya sayar da na'urar, wani lokaci a kwamfutar da ke wata ƙasa. Ƙofa ta biyu allon rediyon motar ne: in ka haɗa salularka da shi ta Bluetooth ka yarda, yana iya kwafe lambobin mutanenka da jerin kiran da ka yi, kuma suna nan ko bayan ka sauka.

Abin da dokar Nijar ta tanada

Nijar ta yi dokar kare bayanan mutane a Mayun 2017, aka sake ta da doka mai lamba 2022-59 ta 16 ga Disamba 2022. Hukumar da ke kula da ita ita ce HAPDP, a Yamai. Dokar ta ba mutum ikon sanin abin da kamfani ya tara a kansa, da neman a gyara kuskure, da kai ƙara gaban hukumar. Saboda haka mai mota da ya ɓoye wa direbansa GPS bai kyauta ba. Ya kamata ya gaya masa tun ranar da ya ba shi makulli.

Wajen jami'an tsaro kuwa hanya biyu ce. In ana binciken laifi, misali an sace mota, jandarma ko ɗan sanda mai bincike yana neman bayani wurin kamfani da takarda, ƙarƙashin kulawar mai shigar da ƙara ko alƙali. Wannan kan taimaka a gano dukiyar mutane. Ɗaya hanyar ita ce dokar sauraren sadarwa da majalisa ta amince da ita a ƙarshen Mayun 2020, don yaƙi da ta'addanci da tsaron ƙasa. A nan izini daga shugaban ƙasa yake fitowa, ba daga alƙali ba, abin da ya sa ƴan adawa da ƙungiyoyin kare haƙƙi suka yi ta kuka a lokacin. A jihar Tilaberi, inda aka taɓa hana hawan babur a ranar 1 ga Janairu 2020 saboda matsalar tsaro, kowa ya san tambayar "ina ka fito?" ba ta wasa ba ce. Tarihin GPS yana iya wanke direba, yana kuma iya jawo masa tuhuma don kawai ya bi ta wani ƙauye.

Ga ƴan uwa da ke Amurka, abin ya fi haka nisa. A 2023 gidauniyar Mozilla ta duba kamfanonin mota 25, ba ta samu ko ɗaya da ya cika sharuɗɗanta na kare sirri ba. A Afrilun 2024 sanatoci Ron Wyden da Edward Markey suka bayyana cewa Toyota, Nissan, Volkswagen, Kia da wasu suna ba hukuma labarin inda mota take ba tare da sammacin alƙali ba. A Janairun 2025 kuma hukumar kasuwanci ta FTC ta ɗauki mataki kan General Motors saboda sayar da bayanan tuƙin mutane, waɗanda suka kai hannun kamfanonin inshora.

Wanda zai sayi mota, ya sa bakanike mai aikin lantarki ya duba ƙarƙashin allon direba da wajen batir, ko tsohon mai ita ya bar na'ura. In da GPS, a tambayi da sunan wa layin yake, da wa ke riƙe da lambar sirrin. Mai sayarwa kuma ya goge wayoyin da ke cikin allon kafin ya miƙa takardu. In jami'i ya karɓi na'urar ko salula don bincike, a nemi ya rubuta abin da ya karɓa, da sunansa da ofishinsa.