Bin Sawun Mazan Jiya: Ina Kakanka Ya Yi Yaƙin Bama?

'Yan'uwa, da wuya ka shiga Gangare ko Unguwar Rogo ba ka sami gidan da ake cewa "kakanmu ya je Bama" ba. Amma in ka tambaya wace bataliya, sai a yi shiru. To, amsar tana cikin takardu.

A fara da takardar sallama, wadda aka ba soja da ya bar aiki. Lambar sojan da ke ciki ta fi suna amfani, domin Turawa kan rubuta mutum da sunan garinsu, irin su Audu Kano ko Musa Bauci, kuma masu irin wannan suna ba sa ƙirguwa.

In an gano bataliya, hanya ta buɗe. Bataliya ta 1 da ta 2 da ta 3 sun yaƙi Italiya a Gabashin Afirka, suna cikin waɗanda suka ci Mogadishu a Fabrairun 1941. Runduna ta 81 ta isa Indiya a 1943, ta yi yaƙi a kwarin Kaladan a 1944. Runduna ta 82 ta bi baya, su biyun suka haɗu aka ci Myohaung a Janairun 1945. Bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12 kuwa suna cikin 'yan Chindit, sunan da barikin Zariya ya gada. Littattafan da bataliyoyi suka riƙa rubuta inda suka kwana suna ma'ajiyar tarihi ta Kew a Landan.

Wanda bai dawo ba, a nemi sunansa ta intanet a wajen hukumar kula da kaburburan yaƙi ta Kwamanwel. Na waɗanda ba a san kabarinsu ba an zana shi a maƙabartar Taukkyan, kusa da Rangun.

Sai dai a kula. Ba duk wanda aka ɗiba lokacin yaƙin ne soja ba. Da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, an kawo dubban mutane Filato aikin tilas na haƙar kuza har 1944. Labarinsu sai a nema a fayilolin Lardin Filato da ke ma'ajiyar tarihi ta Kaduna.

Saboda haka a buɗe tsohuwar adaka tun gara ba ta riga mu ba. Takardar nan shaida ce ta abin da iyayenmu suka yi, da kuma daɗewarmu a garin nan. Allah ya jiƙan mazan jiya, amin.