Asalin Su a Ƙasar Zamfara da Kabi

Mutanen Gwashi da Bukkuyum da Gummi manoma ne, amma tun zamanin kakanni ba da fartanya kaɗai suka dogara ba. Gulbin Zamfara ya bi ta Anka da Gummi ya nufi Jega, Gulbin Ka kuwa yana kudu da shi. Idan damina ta yi tsakiya sai gulaben nan su cika su batse, ruwa ya malale fadamu, kifi ya bi shi ya shiga cikin ciyawa ya zuba ƙwai. Da kaka sai ruwa ya janye, ya bar tafkuna cike da kifin da hanya ta yanke masa.

To, a nan ne hikimar mutanen dā take. Babban tafki yana hannun Sarkin Ruwa, shi ke rufe shi, shi ke buɗewa. Muddin ya rufe, ba mai jefa taru a ciki, ko da kuwa yana ganin tarwaɗa na wasa a gabansa. Dalili kuwa a fili yake: wanda ya kwashe ƙananan kifi da kaka ya ci rabon gari duka tun bai nuna ba. Sai a haƙura dukan watannin ɗari, kifi na girma, ruwa na raguwa. Can cikin rani sai a yi shela a kasuwanni, a sa ranar fashin ruwa. Ran nan kowa ya zo da homa biyu da babban gora, watau abin da zai hau ya yi iyo, ya kuma zuba kamunsa a ciki. Ana ba da izini sai a auka gaba ɗaya, makaɗa na zuga gwanaye. Akan kama karfasa da kurungu da ragon ruwa, mai sa'a ya fito da giwan ruwa. Abin da aka kasa ci ɗanye a yi banda da shi. Da bazara, sa'ad da tafki ya zama busasshen taɓo, sauran gaiwa kaɗai, gama ita takan binne kanta cikin laka ta jira ruwan baɗi, sai an haƙo ta.

Gwanayen wannan sana'a Sarkawa ne, asalinsu kuwa Kabi, ƙasar Kanta. A can ne su ya shiga tarihin sarakuna. A 1805 jama'ar Shehu Usmanu suka ci Birnin Kabi. Kabawa ba su yarda ba; a 1849 Yakubu Nabame ya ɗaga takobi, Argungu da Sakkwato suka zauna cikin gaba har zuwan Turawa. Yaƙi ya ƙare, amma zukata ba su huce ba. Sai a 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya tafi Argungu ziyara. Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya duba abin da zai karrama baƙonsa da shi, bai ga wanda ya fi su ba, gama shi ne abin da Kabawa suka fi kowa iyawa. Daga nan bikin da ake yi a Matan Fada ya samo asali. A 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun da duniya ke tattali.

Sai dai ruwan yau ba na jiya ba ne. Tun da aka gama madatsar Bakolori a 1978, aka bi ta da ta Goronyo, ambaliyar da ke kai kifi fadamun Kabi ta ragu ƙwarai. Ga kuma taru mai ƙananan idanu, wanda ba ya barin ko ɗan tsako. Shi kansa bikin Argungu ya tsaya bayan 2009, ba a sake yin sa ba sai 2020.