Kimiyya ko Adabi? Tarihin Zaɓin da Ake Sa Yaran Kano Su Yi Tun Suna Ƙanana

A shekarar 2022 gwamnatin tarayya ta amince da kafa foliteknik a garin Kabo. Ga yaron Garo ko Gude, ko na Getso da Kutama a ƙasar Gwarzo, babbar makaranta ta zo ƙofar gida kenan. Sai dai kafin ya cike fom ɗin JAMB, an riga an yanke masa rabin hukunci. Tun ranar da ya shiga ajin farko na babbar sakandare, yana ɗan shekara 15 ko ƙasa da haka, aka ce ya zaɓa: ajin kimiyya, ko na adabi, ko na kasuwanci. Wanda bai yi fizis da kemistiri ba, ya yi sallama da injiniyanci da likitanci. Wanda ya yi su kuma, da wuya ya sake zama ajin tarihi. To wannan katanga, wa ya gina ta, kuma don me?

Bokon farko a Kano ba don kimiyya aka kawo shi ba. Makarantar da Hans Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa a 1909, da Kwalejin Katsina da aka kafa a 1921, malaman makaranta da ma'aikatan En'e suka fi yayewa. A 1934 aka buɗe makarantar horar da alƙalai a Kano, wadda daga baya ta zama Makarantar Nazarin Larabci. Ko Kwalejin Abdullahi Bayero, wadda ta zama reshen Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, da Larabci da ilimin addini da fannonin adabi ta fara. Mai son injiniyanci ko likitanci sai dai ya nufi Zariya.

Da aka ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, sai giɓin ya fito fili. Rikicin 1966 ya sa ƙwararrun ma'aikata da yawa 'yan Kudu sun koma gida. Gwamna Audu Baƙo ya shiga gina madatsun ruwa da asibitoci da hanyoyi, amma injiniyoyi da likitoci 'yan jiha ba su taka kara sun karya ba. Dole aka riƙa ɗauko ma'aikata daga Indiya da Fakistan da Masar.

Maganin da aka samo shi ne makarantun sakandaren kimiyya na musamman. A 1977, zamanin Kanar Sani Bello, aka buɗe biyu na maza, ɗaya a Dawakin Kudu, ɗaya a Dawakin Tofa, ƙarƙashin wata hukuma tasu ta daban. Dakta Ibrahim Ayagi na cikin waɗanda suka tsaya wa shirin. Tsarin mai sauƙi ne: a yi wa 'yan aji biyu na sakandaren jihar jarrabawa, a tsince waɗanda suka fi ƙoƙari, a kai su makarantar kwana mai ɗakunan gwaje-gwaje da malamai, su shekara uku suna fama da lissafi da fizis da kemistiri da bayoloji. Daga baya aka buɗe ta 'yan mata a Taura, wadda yanzu take Jihar Jigawa.

Gaskiya shirin ya yi aiki. Ka shiga asibitocin Kano da Jigawa ko sassan kimiyya na jami'o'insu, za ka tarar da tsofaffin ɗaliban Dawaki birjik. Amma ya bar wani tunani a zukatan iyaye da malamai: wai yaro mai ƙwaƙwalwa kimiyya yake yi, adabi kuwa na wanda lissafi ya kayar ne. Tsarin 6-3-3-4 da aka fara aiki da shi a 1982, da sharaɗin JAMB na haɗa darussa huɗu da suka dace da kwas ɗin da kake nema, sai suka ƙara wa katangar tsawo.

Ba mu kaɗai muka yi wannan kuka ba. A 1959 wani Bature, C. P. Snow, wanda masanin kimiyya ne kuma marubucin ƙagaggun labarai, ya yi wata shahararriyar lacca a Jami'ar Kambirij. Ya ce masu ilimi a Ingila sun rabu gida biyu, 'yan kimiyya da 'yan adabi, kowa bai jin yaren ɗan'uwansa, kuma ya ɗora laifin a kan yadda makarantu ke sa yara su ware fanni tun da wuri. Wannan tsarin na Ingila shi muka gada. Cikin shekaru goma da laccar, jami'o'i suka fara gina gada: a 1966 Christopher Freeman ya kafa cibiyar nazarin manufofin kimiyya a Jami'ar Sussex, Jami'ar Edinbara ta buɗe sashen nazarin kimiyya ta fuskar zamantakewa, Jami'ar Cornell a Amurka ta bi sahu a 1969. Daga nan aka samu digirin da ke haɗa kimiyya da fasaha da al'umma wuri guda.

Abin sha'awa, mutumin da ya rubuta tarihin makarantun Dawaki shi kansa ya tsallake katangar. Abdalla Uba Adamu ilimin koyar da bayoloji ya karanta a Zariya, ya gama a 1979. A Jami'ar Sussex ya yi digirinsa na uku a 1988, a kan makarantun kimiyya na Kano daga 1977 zuwa 1987. Ya zama farfesan ilimin koyar da kimiyya a Jami'ar Bayero a 1997. Da kwamfuta ta shigo babu haruffan ɓ da ɗ da ƙ a cikinta, sai ya zauna ya ƙera tsarin haruffa masu lanƙwasa don masu rubutun Hausa. Daga nan ya shiga nazarin littattafan soyayya da finafinai da waƙoƙin Hausa, har ya sake zama farfesa karo na biyu a 2012, a fannin sadarwa da al'adu. Lura da jerin: ya fara kafa ƙafa a fanni ɗaya har ya ƙware, sannan ya ɗauki dabarun bincikensa ya shiga wani.

Kano ta ɗanɗana kuɗarta a kan raba kimiyya da sanin jama'a. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a jihar saboda jita-jitar cewa maganin na hana haihuwa. Masana na da hujjojin ɗakin gwaji, amma mutane na tuna gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996. Ba a koma rigakafin ba sai a Yulin 2004, bayan cutar ta bazu zuwa wasu ƙasashe. Abin da ya dawo da yarda shi ne shigar sarakuna da malamai da matan unguwa masu bi gida-gida, har aka tabbatar Najeriya ta rabu da ƙwayar cutar ta daji a Agustan 2020.

To ɗalibin Kabo da ya samu kwas mai haɗa fannoni, ko yake tsaye tsakanin biyu, yaya zai yi? Tarihin nan ya nuna abu biyu. Na farko, taɓa nan taɓa can ba ya gina madatsar ruwa. Wannan shi ne gaskiyar mutanen 1977. Ka zaɓi sana'a ɗaya da za ka iya yi da hannunka, ko ƙididdiga ce, ko rubuta manhaja, ko gwajin ruwa da ƙasa, ko binciken tarihi daga takardu da bakin dattawa. Na biyu, ka zaɓi matsalar da za ka yi wa aiki, ka bar ta ta nuna maka sauran darussan da za ka ɗauka.

Ɗauki madatsar Guzuguzu da ke nan ƙasar Kabo. Injiniya zai auna yashin da ke cike ta. Masanin bayoloji zai duba dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya a ruwan da ba ya gudu. Amma wa ke da hakkin wace fadama, ta ina makiyayi zai bi ya shayar da shanunsa, me zai sa manomin rani ya yarda ya canza ranar ban-ruwa, waɗannan sai wanda ya san gado da sarauta da al'adar wurin. Ɗalibin da ya riƙe ɗaya daga ciki gam, kuma yana jin yaren sauran, shi za a nema ranar da aka zauna rabon ruwa.

Iyaye da malamai kuma, kafin a tura yaro ajin kimiyya don kawai ya ci lissafi, ko a jefa shi ajin adabi don ya faɗi, a zauna da shi a duba ƙasidar JAMB tare, a ga ƙofofin da kowane haɗin darussa ke buɗewa da waɗanda yake rufewa. Zaɓin na shekara 15 ne, amma shi ake ɗauka a kai har ritaya.