Yadda shafin intanet ke gane ko buƙatar da ya aika ta yi nasara

Idan mutum ya cike fom a shafin intanet ya danna maɓallin aikawa, sau da yawa wani umarni ne da aka rubuta da harshen JavaScript ke tura bayanan daga burauza zuwa uwar garke, wato babbar kwamfutar da ke ɗauke da shafin. Sunan umarnin fetch. Burauzar Chrome da ta Firefox sun fara aiki da shi a shekarar 2015, kuma a hankali ya maye gurbin tsohuwar hanyar XMLHttpRequest a shafuka da dama.

Kowace amsa daga uwar garke tana zuwa da lamba. Daga 200 zuwa 299 alamar nasara ce. 404 na nufin ba a sami abin da aka nema ba, 403 an hana shiga, 500 kuma uwar garken ce ta sami matsala.

A nan ne masu koyon rubuta manhaja suka fi yin tuntuɓe, domin fetch ba ya ɗaukar 404 ko 500 a matsayin kuskure. A wurinsa, muddin ɗan aike ya je ya dawo, aiki ya kammala, ko da da mugun labari ya dawo. Abin da yake ɗauka kuskure, har ya faɗa sashen catch, shi ne amsa ta ƙi isowa gaba ɗaya, misali idan layi ya yanke, ko burauza ta toshe ta saboda ƙa'idar tsaro ta CORS. Wanda ya dogara da catch kaɗai na iya shaida wa ɗalibi cewa rajistarsa ta shiga, alhali ba ta shiga ba.

Maganin shi ne duba response.ok kafin a taɓa abin da ke cikin amsar. Yana nuna gaskiya ne kawai idan lambar na tsakanin 200 da 299. In ba haka ba, marubucin manhajar ne zai tayar da kuskuren da kansa, ya karanta response.status don ya san abin da zai gaya wa mai amfani da shafin.

Duk da haka, akwai sauran rina a kaba. Wasu uwayen garke kan dawo da 200 alhali saƙon ciki na cewa aikin bai yiwu ba, don haka dole a karanta saƙon shi ma. Yankewar layi kuma ba hujja ba ce cewa buƙatar ba ta isa ba: tana iya isa, amsar ce ta ɓace a hanya. Idan biyan kuɗi ne, sake aikawa ba tare da bincike ba na iya sa a cire wa mutum kuɗi sau biyu.