Agana da dussa: sunaye biyu, tarihi biyu

Likitocin Faransa sun tara cututtuka masu yaɗuwa da ke fesar da ƙuraje a ƙarƙashin suna guda, «fièvres éruptives». Bahaushe kuwa kowace ya raɗa mata nata: agana, ƙarambau, da ƙyanda, wadda a ƙasar Maraɗi, har zuwa Tagris ta Dakoro, ake kira dussa.

Sunayen nan ba a banza aka sa su ba. Mai ƙyanda, idan ƙurajensa suka kwanta, fatarsa kan yi saɓa tamkar dussar hatsi. Likitocin Faransa su ma wannan suka gani, domin kalmarsu «furfuracé» ta fito ne daga sunan dussa a Latin. Agana kuwa, saboda tsananin tsoronta, akan sakaya sunanta a ce «ado», wanda ya tsira kuma ya tashi da zanzana a fuska. A littafinsa na 1914 kan bori, Tremearne ya ambaci iskokin da ake kira Ƴaƴan Zanzana, waɗanda ake jingina wa cutar.

A 1967 aka ƙaddamar da gangamin lamba a ƙasashe ashirin na yammaci da tsakiyar Afirka, har da Nijar, da nufin kawar da agana da rage ƙyanda. Agana ta faɗi: a Nijeriya aka ga na ƙarshe a yankin a 1970, a Somaliya na ƙarshe da ya ɗauke ta daga jama'a a 1977, sannan Hukumar Lafiya ta Duniya ta shelanta ƙarewarta ranar 8 ga Mayu 1980. Dussa kuwa ta tsira, domin ta fi saurin yaɗuwa. Sai an yi wa kusan kashi 95 cikin 100 na yara allura sau biyu kafin ta yanke. A ƙasar manoma da makiyaya irin Tagris, inda iyalai ke bin ruwa da ciyawa, allura ta biyu ita ce mai wuya.

Yau agana ta koma kalmar tsofaffi, tabon lamba a dantsensu shi ne shaidarta. Haƙƙin malamai ne su rubuta abin da tsofaffin suka gani, su kuma koya wa ɗalibai bambancin: agana ta wuce, amma dussa tana dawowa da rani, tana kashe yaran da allura ba ta kai gare su ba.