Haruna Babangida: Tarihin Wasansa a Kulob-kulob

Haruna Babangida tsohon ɗan ƙwallon ƙafa ne ɗan Najeriya, an haife shi a Kaduna ranar 1 ga Oktoba 1982. Ya buga tsakiya ta gaba, an kuma riƙa saka shi a gefen dama, shi ya sa wasu bayanai ke kiransa ɗan tsakiya wasu kuma ɗan gefe. Ƙane ne ga Tijjani Babangida, tsohon ɗan wasan Ajax, wanda ya ci zinariya a gasar Olamfik ta 1996, da marigayi Ibrahim Babangida, wanda ke cikin yaran Najeriya da suka ɗauki kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 a 1993. Daga Kaduna har gidajen kallon ƙwallo na Maraɗi da Tsibiri, duk inda sunansa ya faɗo a hira cewa ake yi "wanda ya buga wa Barcelona". Maganar tana da gaskiya a ciki, amma tana bukatar gyara, kuma gyaran ne ya fi yawa a wannan maƙala.

Shigarsa Turai

Wasu jerin kulob ɗinsa na farawa da Shooting Stars ta Ibadan. Abin da aka fi haɗuwa a kai shi ne ya bi sawun yayansa zuwa Holan, ya ɗan zauna a sashen matasa na Ajax. A 1996 kocin Ajax Louis van Gaal ya sayo Tijjani daga Roda JC don ya maye gurbin Finidi George, wanda ya koma Real Betis. Shekara guda bayan haka Van Gaal ya karɓi aikin horar da Barcelona, kuma a daidai wannan lokacin ƙaramin Babangida ya sauka a La Masia, gidan renon 'yan wasan kulob ɗin. Da a yau ne, da wuya a yi wannan ciniki. Tun 2001 FIFA ta hana ɗauko yaro ɗan ƙasa da shekara 18 daga wata ƙasa sai bisa tsauraran sharuɗɗa, kuma Barcelona kanta ta sha hukunci a 2014 kan karya wannan doka.

Shekarun Barcelona, 1997 zuwa 2004

La Masia ta wancan zamani wani tsohon gidan gona ne na dutse da ke jikin filin Camp Nou, inda yara ke kwana a gadaje masu hawa biyu, su yi makaranta da safe su yi atisaye da yamma. Abokan zamansa sun haɗa da masu tsaron gida Pepe Reina da Víctor Valdés, da Andrés Iniesta, da Mikel Arteta. Arteta, wanda daga baya ya zama kocin Arsenal, ya ambaci Haruna a wata hira a matsayin yaron da ya fi ba shi mamaki a wancan gida, ya kuma nuna takaicin yadda baiwar ba ta kai inda ake zato ba. Wannan shaida ta fi sauran yabon da ake yi masa nauyi, domin ta fito ne daga bakin wanda ya kwana ɗaki ɗaya da Iniesta.

A bazarar 1998 Van Gaal ya tafi da Haruna wasannin share fage tare da manyan 'yan wasa, yana ɗan shekara 15. Daga nan ne ruɗanin ya samo asali. Jaridu sun yi ta yayata shi a matsayin ɗaya daga cikin mafiya ƙarancin shekaru da suka taɓa saka rigar babbar ƙungiyar, kuma haka ne, sai dai wasannin na sada zumunta ne. Haruna bai buga wa Barcelona wasan La Liga ko ɗaya ba. Duk wanda ya jera shi da Xavi, wanda ya fara wasan gasa a watan Agustan wannan shekarar, ko Carles Puyol da ya fara a 1999, ya haɗa abu biyu da ba ɗaya ba.

Gidansa na gaskiya shi ne Barcelona B, ƙungiya ta biyu, mai wasa a lokacin a ƙaramin filin Mini Estadi. A kakar 1998/99 tana rukuni na biyu na gasar Sifaniya, ta faɗo zuwa na uku a ƙarshen kakar, kuma a can ta zauna duk tsawon zamansa. Wato mafi yawan ƙwallayen da aka san shi da su a Sifaniya a rukuni na uku ya ci su.

Ana yawan ɗora laifin rashin hawansa a kan halinsa ko rashin wanda zai tsaya masa. Ko ma mene ne gaskiyar wannan, jerin mutanen da ke gabansa kaɗai ya isa bayani. Sa'ad da ya iso, Luís Figo ne ke riƙe da gefen dama, Rivaldo na hagu. Figo ya tafi Real Madrid a 2000, Barcelona ta zuba kuɗin a kan Marc Overmars, ga kuma Simão, daga baya Geovanni, sannan Ricardo Quaresma da Luis García a 2003. Daga 2000 zuwa 2003 kujerar koci ta ratsa hannun Serra Ferrer, Carles Rexach, Van Gaal a karo na biyu, Radomir Antić, kafin ta tsaya a kan Frank Rijkaard. Kulob ɗin bai ɗauki La Liga ba tsakanin 1999 da 2005. Kocin da ke tsoron kora ba ya gwada yaro a gefe, ɗan wasan da aka saya da tsada yake sakawa. Shi kansa Arteta bai samu shiga ba, sai da ya bi ta Paris Saint-Germain da Rangers.

Tsakanin 2002 da 2004 an ba da shi aro ga Terrassa, sannan Cádiz, dukansu a rukuni na biyu. Ya bar Sifaniya a 2004, watanni kaɗan kafin Lionel Messi ya buga wasansa na farko a La Liga.

Donetsk da Olympiacos

Ya koma Metalurh Donetsk ta Yukren, inda ya tarar da wani matashi ɗan Kodebuwa, Yaya Touré. A 2005 su biyun suka koma Olympiacos ta Girka, inda Rivaldo yake a lokacin. Nan ne ƙololuwar wasan Haruna, ko da yake masu ba da labarinsa sun fi son tsallake ta su koma La Masia. Ya ɗauki gasar Girka sau biyu a jere, 2005/06 da 2006/07, da kofin ƙasar a 2006. Ya buga gasar Zakarun Turai a rukunin da ke da Real Madrid da Lyon da Rosenborg. A watan Nuwamban 2005 shi ya fara jefa ƙwallo a ragar Lyon tun a mintunan farko, kafin zakarun Faransa su farke su ci 4 da 1.

Hanyar mutanen biyu ta rabu daga nan. Touré ya tafi Monaco a 2006, a 2007 kuma Barcelona ta saye shi. A shekarar ce Haruna ya koma Apollon Limassol ta tsibirin Saifurus.

Sauran shekaru

Bayan kaka biyu a Apollon ya je Kuban Krasnodar ta Rasha a 2009, shekarar da Sani Kaita ɗan Kano ya je can aro daga Monaco, kuma kulob ɗin ya faɗi daga babban rukuni a ƙarshen kakar. A 2010 Mainz ta Jamus ta ɗauke shi lokacin koci Thomas Tuchel, amma a ƙungiyarta ta biyu ya ƙare. Sai Vitesse ta Holan a 2011, kulob ɗin da Tijjani ya taɓa zuwa aro, sai Kapfenberg ta Ostiriya, sai Mosta ta Malta a 2015.

Wasa ɗaya ya buga wa Super Eagles, na sada zumunta da Japan a 2003.