Tarihin Tattara Waƙoƙin Baka na Hausa da Matsayin Zangon Agege

Tun farkon ƙarni na 20 Hausawa fatake suka zauna a Agege saboda cinikin goro, kuma layin dogo da ya haɗa Ikko da Kano wajen 1912 ya ƙara yawansu. Duk inda zango ya kafu, makaɗa kan biyo baya: masu kalangu na bin mahauta da 'yan dambe, masu amada na hidimar biki da suna, maroƙa kuwa na ƙofar attajirai. A wannan maƙala za mu duba yadda aka tattara irin waɗannan waƙoƙi, da abin da tarihin ke nuna wa masu tsara manhaja.

Matakin farko na Turawan mulki ne. Frank Edgar ya buga Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa daga 1911 zuwa 1913 a birnin Belfast, sai R. S. Rattray ya fitar da nasa kundin a 1913. Hankalinsu ya fi karkata ga zube, kuma alƙalami ba ya kama amo. Mataki na biyu ya zo da na'urar ɗaukar magana. David Ames ya naɗi kiɗa a ƙasar Zazzau a shekarun 1960, sannan shi da Anthony King suka wallafa ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971. A mataki na uku 'yan ƙasa suka karɓi ragama. Ɗandatti Abdulƙadir ya kammala digirinsa na uku a kan Mamman Shata a 1975, Sa'idu Muhammad Gusau kuma ya fitar da Jagoran Nazarin Waƙar Baka a 1993.

Sai dai mafi yawan wannan aiki ya tsaya a fadojin Arewa da kan fitattun mawaƙa. Mawaƙin zango, wanda ke waƙa a tsakiyar Yarabawa, yana aron kalmominsu, yana yabon dillalan goro da shanu, bai sami irin wannan kulawa ba. Sakamakon haka, ɗalibin Agege kan karanta baitocin Narambaɗa a aji, alhali ba a taɓa nuna masa cewa kiɗan unguwarsu abin nazari ba ne.

Ƙasar Ailan ta bar mana darussa biyu. Na farko, Francis O'Neill, shugaban 'yan sandan Chicago, ya tattara karin kiɗa 1,850 ya buga a 1903, da yawa daga bakin 'yan ƙasarsa mazauna Amurka. Ashe zaman baƙunta kan adana abin da gida ya yi sakaci da shi. Na biyu, daga 1937 zuwa 1939 hukumar adana al'adun ƙasar ta sa yara 'yan firamare fiye da 50,000 suka rubuto waƙoƙi da labarai daga iyaye da kakanni.

Bisa ga haka, muna ba da shawara a sanya aikin tattarawa cikin darasin adabin baka na sakandare. Kowane ɗalibi ya naɗi waƙa ɗaya da izinin mai ita, ya rubuta ta bisa daidaitacciyar ƙa'ida, ya bayyana makaɗin, da kayan kiɗan, da wurin, da dalilin taron. Malamai su ajiye kwafi a makaranta, su aika da wani zuwa Jami'ar Bayero. Shata ya rasu a 1999, Barmani Choge a 2013, Ɗanmaraya Jos a 2015, amma muryoyinsu na nan domin an naɗa. Tsofaffin makaɗan zango suna buƙatar wanda zai yi musu haka tun suna raye.